Mayafin wuya mai adon tufka: inda aiki ya kai

'Yan'uwana masu koyon saƙa, mayafin wuyan da nake saƙawa ya wuce rabi. Faɗinsa ya tsaya a wajen santimita 19, tsawon da nake nema kuma santimita 170 ne, yadda zai zagaye wuya sau ɗaya bakinsa biyu su sauko ƙirji. Da yawa daga cikinmu idan muka ga adon tufka a hoto sai mu ce wannan aikin gwanaye ne, mu ja da baya. To, duk wanda ya iya idon gaba da idon baya, wato hanyoyi biyu na farko da ake saƙa ido (madaukin zare da ke kan allura), ya riga ya mallaki abin da ake buƙata. Tufka sauya wa idanu wuri ne kawai: a zare uku a ajiye a kan ƙaramar allura, a saƙa ukun da ke biye da su, sannan a dawo a saƙa waɗanda aka ajiye. Shi ke nan fa. Abin da ke cin tunani shi ne duk abin da ke kewaye da tufkar, kuma a nan mayafi ke yin kyau ko ya lalace.

Zaren ulu na zaɓa, mai matsakaicin kauri, irin wanda ake rubuta wa Aran a takardar jikinsa, da allura mai milimita 5. Launinsa fari ne mai ɗan duhu, kuma da gangan na ɗauke shi. Inuwa ce ke fito da tufka. Idan zare baƙi ne ko shuɗi mai duhu, inuwar sai ta ɓace a cikin launin, ka sha wahalar banza ba wanda ya ga adon. Haka ma zare mai gashi-gashi, ko mai sauya launi kowane taku. Ku nemi wanda aka murɗa sosai, mai santsi, silinsa uku ko huɗu. Mutanen tsibiran Aran guda uku da ke yammacin ƙasar Ailan, waɗanda rigunan sanyinsu suka yi suna tun cikin ƙarni na 20, da farin ulun da ba a rina ba suka shahara, kuma duk wanda ya kalli rigar zai gane dalili. Akwai labarin da ake yawan yaɗawa wai kowane gida yana da nasa zanen don a gane gawar masuncin da ruwa ya ci. Masu binciken tarihin saƙa ba su samu hujjar hakan ba. Abin da yake tabbas shi ne tufka tana ninka saƙa, ta ƙara mata kauri, ta riƙe iska a tsakani, shi ya sa take da ɗumi.

Ga yadda na jera idanuna, guda 46: biyar na gefe, uku na baya, tufka mai shida, uku na baya, babbar tufka mai goma sha biyu a tsakiya, uku na baya, wata mai shida, uku na baya, sai biyar na ɗaya gefen. A saƙar da ba ado, wannan zaren yana ba da ido 18 a santimita 10, wato ido 46 ya kamata ya haura santimita 25. Amma ga shi 19 na samu. Tufka ce ta cinye sauran, domin duk inda idanu suka hau juna sai saƙa ta tsuke. Don haka idan za ku saƙa ɗan gwaji kafin ku fara, ku saƙa shi da tufkarsa, ku wanke, ku bari ya bushe, sannan ku auna.

Wannan tsukewar tana jawo wata matsala a farkon mayafi da ƙarshensa. Idan kuka ɗora ido 46 tun daga layin farko, kuka yi ƴan layuka na baki sannan tufka ta fara, bakin zai baje ya fi jikin faɗi, ya yi ta lanƙwashewa. Maganinsa a ɗora ƙasa da haka. Ni 38 na ɗora, na yi layi shida na baki, sannan a layin da ado zai fara na ƙara takwas: biyu-biyu a gurbin ƙananan tufkoki, huɗu a gurbin ta tsakiya. Ƙarin ba ya nuna kansa, domin hawan farko yana rufe shi. Bakin ya fito a miƙe, daidai da jiki.

Shi kuwa gefe, da adon tsaba na yi shi: ɗaya gaba ɗaya baya, a layi na gaba kuma a juya, gaba ya hau kan baya, baya ya hau kan gaba. Yana da ɗan jan rai, amma shi ke hana mayafi naɗewa, kuma ƙurajensa suna sa santsin tufka ya ƙara fitowa.

Yanzu batun hagu da dama, wanda ya fi rikita mai koyo. Idan ƙaramar allura da idanun da ke kanta suka zauna a gaban aiki, tufka hagu za ta karkata. Idan suka koma baya, dama za ta karkata. Ƙananan tufkokina biyu na sa su kalli juna, ɗaya da allura a gaba, ɗaya da allura a baya, don mayafin ya daidaita a ido. Ta tsakiya kamar kitso take, mai sili uku, kowane sili ido huɗu. A layi na 3 ina haɗa takwas na farko da allura a gaba, in saƙa huɗun da suka rage yadda suke. A layi na 7 sai in saƙa huɗun farko, in haɗa takwas na ƙarshe da allura a baya. Layi takwas ke nan zanen ya zagayo, ƙananan kuma a layi na 3 kaɗai suke hawa. Na daidaita su haka ne don kada in riƙa ƙidaya biyu a kai. Hawa kullum a fuskar aiki ake yinsa; idan kun juya baya, kowane ido ku saƙa shi yadda ya zo muku, ban da na gefe masu adon tsaba.

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan aikin shi ne ranar da na daina duba takarda, na koma duba saƙar kanta. Ku ja tufka kaɗan gefe, za ku ga ɗan rami a daidai inda idanu suka hau juna. Ku sa bakin allura a ramin, ku miƙe da ita sama ta bayan saƙar, ku ƙidaya zarurrukan da suka gitta: su za su gaya muku layi nawa kuka yi tun hawan ƙarshe. Ramin nan ba aibi ba ne, kowace tufka tana da shi, kada ku warware aiki saboda shi. Idan ido ya saba, tun kafin ƙidaya za ku ga tufkar ta miƙe ta yi tsawo, kun san lokacin hawa ya yi.

Akwai wani abu ƙarami da za ku lura da shi a gefen hagu na kowace tufka: idon gaba na ƙarshe yakan fito da girma, ya saki jiki. Dalili shi ne zare yana yin doguwar tafiya idan ana tashi daga gaba zuwa baya, rarar kuma sai ta zube cikin idon da ya gabata. Ina saƙa idon baya na farko, in tsaya in ɗan ja zaren ya kama allura, sannan in ci gaba. Bambancin a bayyane yake. Amma a layin hawa, ku sassauta hannu. Idanu takwas da ke ƙetare juna sun riga sun takura, idan kuka ƙara matse su, layin da ke biye sai allura ta ƙi shiga.

Idan tufka ta karkata inda bai kamata ba, kuma ba a gani ba sai bayan layuka, ba sai an warware duka ba. A saƙa har zuwa kanta, a zare idanunta kaɗai daga allura, a warware su zuwa inda hawan yake, a mayar da su daidai, sannan a sake saƙa su layi-layi da zarurrukan da suka rataye a baya, ana fara wa da na ƙasa. Yana son natsuwa da haske mai kyau. Ku gwada a kan ɗan gwajinku tukuna.

Wani zai tambaya, bayan mayafin fa? Gaskiya bai kai fuskar kyau ba, kuma mayafi abu ne da ke juyawa a wuya. Akwai hanyar da ake saƙa tufka da ɗaya gaba ɗaya baya ta fito iri ɗaya ta kowace fuska, sai dai tana cin zare sosai kuma tana da kauri. Ga mai fara koyo, na fi son ya ga tufkarsa fes a kan shimfiɗar idon baya, ya fahimci yadda take tafiya.

Don sanin ko zare zai isa, na ɗora abin da na saƙa a ma'auni, na ga nauyin da ya ba ni wannan tsawon, na kwatanta da abin da ya rage. Zai isa. Sabon ƙunshi a gefe nake haɗa shi, cikin adon tsaba, inda bakin zare ke ɓuya cikin sauƙi.

Abin da ya rage: in kai tsawon, in tsaya bayan hawa da layuka daidai da waɗanda na fara da su, in rage idanu takwas ɗin nan a gurabensu, in yi layi shida na baki, in rufe da sassauci. Daga nan sai jiƙo a ruwa mai ɗan ɗumi na minti 20, ba cuɗawa ba murɗawa, a naɗe a tawul a danne, a shimfiɗa a ƙasa. Gefe kawai zan miƙar, tufkokin zan bar su a tashe. Masu amfani da zaren roba kuma ku nisanta shi da dutsen guga, domin zafi yana kwantar da adon kuma ba ya sake tashi.