Godiya ga waɗanda suka tsaya wa ƙanena

Alhamdulillahi. Daren jiya ƙanena ya kwana a ɗakinsa, bayan shekara 2 da wata 7 a gidan yari yana jiran shari'a. Alƙali ya sallame shi domin masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaida ko ɗaya. Tun safe wayata ba ta huta ba, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan kowa ya gani.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Barista ce. Ta hana ni faɗin sunanta, zan mutunta hakan. Lokacin da muka same ta, mun riga mun saduda. An ɗage zama ya fi a ƙirga: yau a ce ba motar da za ta kawo shi kotu, gobe a ce mai gabatar da ƙara bai zo ba, daga baya ma aka ce ba a ga fayil ɗinsa ba. Mu kuwa sai mu yi shiru mu koma gida, a zatonmu wanda aka kulle ba shi da bakin magana. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar da na fara raka ta ziyara ba zan manta da ita ba. Gandiroba ya tsaya a kansu, kamar yadda ya saba yi mana. Cikin ladabi ta ce masa ya ɗan ja baya, ya tsaya inda zai gan su amma ba zai ji su ba. Ya ja. Ni dai baki na saki. A hanya ta yi mini bayanin cewa wannan haƙƙi ne a rubuce, yana cikin ƙa'ida ta 61 ta Ƙa'idojin Nelson Mandela, guda 122 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Disamba na 2015, aka sa musu sunan mutumin da ya yi shekara 27 a kurkuku. A ranar ce ƙanena ya iya faɗin abin da ya daɗe yana haɗiyewa, har da ciwon ƙirjin da yake ɓoye mana. Cikin mako guda ta rubuta takarda aka kai shi ya ga likita, domin ƙa'idojin sun ce ɗaurarre ya cancanci kulawar lafiya irin ta wanda ke waje.

Daga bakinta na san cewa yarjejeniyar duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan Adam da na siyasa ta ce a kai wanda aka kama gaban alƙali ba tare da jinkiri ba, kuma a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace ko a sake shi. Sashe na 14 ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma in ba shi da halin ɗaukar lauya a ba shi kyauta idan adalci ya buƙaci haka. Da mun san wannan tun watan farko! Abin yana ci mini rai har yanzu.

Barista, ko sisi ba ki karɓa ba. Kin yi ta zarya har aka zaƙulo fayil ɗin, kin tsaya gaban alƙali kina lissafo ranakun da aka ɗage zama ɗaya bayan ɗaya daga littafinki. Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya jiƙan magabatanki.

Ina godiya ga magatakardan kotun da bai gaji da tambayoyinmu ba, da gandirobobin da suka riƙe shi a matsayin mutum. Akwai irinsu, na gani da idona. Kawu, kai ka riƙe mana Umma duk ranar da muka dawo hannu rabbana. Maƙwabta da abokan arziki, addu'arku ta kai.

Da zai fito, ba komai a hannunsa sai 'yar leda mai riga biyu da wata takarda da ya ninke ya ɓoye a aljihu. Sunayen mutum 6 ne na ɗakinsu, duk masu jiran shari'a, ba mai lauya a cikinsu, ɗaya ma ya riga shi shiga. Tun a bakin ƙofa ya miƙa wa Barista, ta karɓa ta ce za ta koma mako mai zuwa. Amma ita kaɗai ce. Duk lauyan da ya karanta wannan kuma zai iya ɗaukar ko mutum ɗaya daga cikinsu, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan haɗa ku da ita.