Shagunan da Baba ya bar mana a Argungu

Shaguna huɗu mahaifinmu ya bari a bakin kasuwa, ginin ƙasa ne mai rufin azara da aka ɗora wa kwano daga baya. A ƙarshen 2023 'yan'uwa suka ɗora mini nauyin gyara su. Ni kuwa hankalina duk yana kan fuskar gini: filasta, fenti, tayil da ƙofofin ƙarfe, don mu ƙara kuɗin haya.

Tsohon maginin da ya yi wa Baba aiki ya zo ya zagaya. Ya tsugunna a bayan shago na uku, ya sa farce ya kankari gindin bango, sai ƙasa ta zubo masa a tafin hannu, da sanyinta, alhali muna tsakiyar rani. Ya ce, "Ɗana, kada ka sa siminti nan tukuna, ruwa ke cin sa ta ƙasa." Na ce, "To Baba," amma ban yi ba. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, kullum sai an ƙara, ni kuma ina gaggawar gamawa kafin kuɗin su ƙare.

A watan Agusta filastar ta kumbura ta rabu da bango, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Wata asuba ta zube gaba ɗaya a kan keken ɗinkin telan da ke haya. Allah ya kiyaye bai buɗe shago ba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi.

Da muka koma wurin tsohon bai yi mini gori ba. Ya nuna mini cewa titi ya fi daɓen shagunan tudu, ruwan kwano kuma a gindin bango yake sauka, ga shi babu magudana. Bangon ƙasa yana shan danshi ya fitar. Siminti ya toshe masa hanya, laima ta taru a ciki. Ya ce in je in kalli gidan tarihi na Kanta, ginin 1831, wanda sarki ya zauna a ciki har 1942. Tun ina yaro nake wuce shi, ban taɓa tambayar kaina abin da ya riƙe shi ba. Kula ce, da hana ruwa kwanciya kusa da shi.

Karo na biyu da magudana muka fara. Muka cire ruɓaɓɓen gindin kaɗan-kaɗan, taku uku-uku, ana tokare azara, ana sa dutse da bulo. Aka ƙara wa kwano baki, aka ɗaga daɓe. Sai da bango ya sha iskar hunturu ya bushe sarai sannan aka yi yaɓe. Fenti bai samu kuɗi ba har yanzu. Telan ya dawo, na yafe masa hayar wata shida.