Asabar a Shiraoi

Ina idar da sallar asuba na fita tashar jirgin ƙasa ta birnin Sapporo, a arewacin Japan, sanyi kamar zai tsinke kunne. Wani abokin karatuna, ɗan Japan, shi ya matsa mu je Upopoy, gidan tarihin ƙabilar Ainu da gwamnati ta buɗe a 2020 a bakin tafkin Poroto, a garin Shiraoi. Tafiyar kusan awa ɗaya ce.

Da "irankarapte" aka tarbe mu, sallamarsu ke nan. Wata mata ta kaɗa mana mukkuri, ɗan tsinken gora da ake sa wa a baki ana fizgar zare. Sautin ya ratsa ni har ƙashi.

Tarihinsu kuwa shi ya hana ni sukuni. A 1869 Japan ta haɗe tsibirinsu ta raɗa masa suna Hokkaido. Aka hana su kamun kifin salmon, wanda shi ne tuwonsu, aka hana mata zanen leɓe irin na iyayensu, yara kuma a makaranta sai Japananci. Dokar 1899 ta kira su "'yan asalin dā", kamar an riga an yi musu jana'iza, kuma ba a soke ta ba sai 1997. A 1986 firaminista Nakasone ya ce Japan ƙasa ce mai ƙabila ɗaya tak, alhali ga mutanen nan da ransu! Sai 2019 doka ta yarda cewa su 'yan asali ne. Shekara 150, jama'a. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

A hanyar komawa abokina ya yi shiru har muka wuce garin Tomakomai. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, kakarsa ta wajen uwa Ainu ce. Ba a taɓa faɗa musu ba sai bayan rasuwarta, don gudun gori wajen neman aiki da aure. Ni ne na farko da ya gaya wa a jami'a, wai don ni baƙo ne.

Na ce, "To, kana jin yaren?"

Ya nuna mini taswirar tashoshi: Shiraoi, Tomakomai, Sapporo, duk sunayen Ainu ne. Ya ce iyakar abin da ya sani ke nan, sai gaisuwar da muka ji da safe. Ya maimaita ta sau biyu a hankali, yana kallon taga.