Wane buhu kake nufi?

Tambayar da na ɗauka a binciken digirina na biyu kan tattalin arziki ba ta da wuya a baki: shin bashin Anchor Borrowers, shirin rancen Babban Bankin Najeriya ga ƙananan manoma, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya ƙara wa manoman shinkafa amfanin gona? Na zaga ƙauyukan Argungu da Suru da takardun tambayoyi, na dawo na zuba amsoshin cikin Stata, manhajar lissafi ta kwamfuta. Lissafi ya fito tas, waɗanda suka ci bashin sun fi girbi. Har na fara rubuta babin ƙarshe.

Malamina ya duba teburin, ya ɗago kai ya ce, "To, wa ya zaɓe su?" Na yi tsuru-tsuru. A lokacin, bashin ta hannun ƙungiyoyin manoma yake bi, kuma sai mai asusun banki da BVN. Wanda ke da fadama a bakin gulbi da injin ban ruwa, mai noman rani da damina, shi ne kan gaba wajen shiga, alhali tun kafin bashin ya fi maƙwabcinsa. Ashe fadama na auna, na laƙaba wa bashi. Ya ce in koma in samo girbin kowa na kafin shirin, in kwatanta yadda kowane ɓangare ya sauya, dabarar da muke kira bambancin bambanci.

A komawar ce na sha mamaki. Na tambayi wani dattijo a Suru buhu nawa ya samu bara. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wane buhu? Na samfarera ko na gyararriya? Kafin zakka ko bayan an fitar?" Na ce, "Baba, duka dai." Sai ya zauna ya warware mini: na damina ɗaya cikin goma yake fitarwa, na rani da ya sha fetur ɗaya cikin ashirin, masu yanka da masu bugu kuma wani lokaci da shinkafar ake sallamarsu tun a gona. Duk wannan ni layi ɗaya na ba shi a takardata.

Wasu kuma da suka ga biro a hannuna sun ɗauka daga banki aka turo ni karɓar bashi, sai girbi ya ƙanƙance nan take. Ban ga laifinsu ba.

Ga rufe iyakoki a Agustan 2019 da ya ɗaga farashi, ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin fadama, wato na mutanen da suka fi cin bashin. Dole na raba shekarun, na bar lissafin naira na koma kilo, na riƙa auna gona da GPS maimakon dogara da "kamar eka biyu". Tazarar da na yi murna da ita da fari ta ragu ƙwarai, babin ƙarshen kuma sai da na sake shi daga tushe.