Farin layin Spielberg

Da asubar Lahadi, 2 ga Yulin 2023, muka kama jirgin ƙasa daga babbar tashar Biyana, ni da wani abokina. Taragon cike yake da 'yan Holan cikin riguna ruwan lemo, duk magoya bayan Max Verstappen, direban tseren mota na ƙasarsu. Jirgin ya haye tsaunukan Semmering, ya ratsa Leoben, muka sauka a Knittelfeld. Daga nan bas ta kai mu Red Bull Ring, filin tseren motocin Formula 1 na Ostiriya da ke Spielberg, wanda ke shimfiɗe a jikin tudu, dajin kore shar a bayansa.

Filin gajere ne, kilomita 4.3 da kwana goma kacal, ana kewaya shi sau 71. Mazauninmu yana fuskantar kwana ta 10, ta ƙarshe, muna kuma hango ta 9 mai sunan Jochen Rindt, direban Ostiriya, gwarzon duniya na 1970. Dukansu gangara ne zuwa dama, motoci na shigarsu da gudun da ya kai kilomita 200 a awa. A bakin hanyar akwai farin layi, sai dandamalin gefe mai fenti ja da fari, bayansa kuma kwalta ce lafiyayya.

Dokar ba ta da wuyar faɗa. Muddin taya ɗaya na taɓa farin layin, direba yana cikin hanya. Idan duka huɗun suka fice, ya yi laifi. A karo na uku a ɗaga masa tuta mai baƙi da fari, na huɗu a ƙara masa daƙiƙa biyar. Tun ranar Juma'a aka ga alamar rikici, domin a gwajin neman gurbi an soke zagaye 47, har Sergio Perez ya ƙare a na 15.

Da aka fara tsere na zuba wa layin nan ido. Mota za ta fito daga kwana, gudu ya ja ta waje, tayoyin hagu su hau dandamalin da wata ƙara kamar ana yaga atamfa, na dama kuma su tsaya a kan layin ko su wuce shi da faɗin yatsa biyu. Ni da nake zaune daram na kasa tantancewa. To ina ga mutumin da ke kishingiɗe a ƙasan mota, ba ya ganin komai sai saman tayoyinsa na gaba? Kuma wanda ya buɗe kwanar ya fi fita da gudu, babu abin da zai rage masa. Kullum riba tana wajen layi.

Abokina ya ce, “Malam, me zai hana su gina tudu a bayan layin, kowa ya shiga taitayinsa?”

Na ce masa an gwada. Akwai irin dogon tudun da ake kwantarwa a gefen kwana, kamar kunyar gona. A nan filin, a 2016, hawa irinsa ya karya ƙafar motar Daniil Kvyat, ta watsa shi jikin shinge. A Monza ta Italiya, a 2019, Alex Peroni na Formula 3 ya taka ɗaya, motarsa ta tashi sama tana juyi ta faɗa kan shingen, ya samu karaya a ƙashin baya. Abbie Eaton ma haka ta karye a baya a Austin ta Amurka a 2021. Har yau idan na tuna hoton motar Peroni a sama sai gabana ya faɗi. Ba na yarda a karya wa yaro baya don ya ƙetare fenti.

Abin da ya rage shi ne tsakuwa. Tana cinye gudun mota nan take, direba ya ji hukuncinsa a jikinsa, 'yan kallo su gani. Sai dai filin na karɓar tseren babura na MotoGP, kuma abin da ya dace da mota ba lallai ya dace da mahayin babur ba, shi ya sa masu filin suka daɗe suna jan ƙafa.

Verstappen ya lashe, Charles Leclerc na biyu, Perez na uku. Hayaƙi ruwan lemo ya turnuƙe wurin, muka bi ayari zuwa tasha da tunanin an gama. Ashe ƙungiyar Aston Martin ta shigar da ƙorafi kan fita layin. Hukumar FIA mai kula da tseren ta amsa cewa akwai fiye da wurare 1,200 da ake zargin an fita layi, kuma ba ta iya duba su duka ba ana cikin tsere. Dare ya yi, muna dab da Biyana, sai abokina ya miƙo mini waya. An hukunta direbobi takwas. Carlos Sainz ya sauko daga na 4 zuwa na 6, Lewis Hamilton daga na 7 zuwa na 8, Esteban Ocon shi kaɗai ya sha daƙiƙa 30. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mun biya kuɗi, mun yi sammako, mun wuni a wurin, amma sakamakon da muka tafa wa ba shi ne na gaskiya ba.

Da shekara ta zagayo, a talabijin na kalli tseren 2024. Kyamara ta nuna kwana ta 9 da ta 10, an shimfiɗa tsakuwa mai faɗin mita biyu da rabi a bayan dandamalin. Na ga wata mota ta ɗan leƙa ciki, ƙura ta tashi, direban ya ɗaga ƙafa da kansa.