Norobairos: ƙwayar cutar da ta daɗe tana ƙin hayayyafa a ɗakin gwaji

Abin mamaki game da norobairos, wadda ke kan gaba wajen haddasa amai da gudawa a duniya, shi ne yadda take bazuwa cikin sauri a makarantu da asibitoci da jiragen ruwa, amma ta shafe fiye da shekaru 40 tana ƙin hayayyafa a hannun masana. An fara lura da ita bayan ɓarkewar ciwon ciki a wata makarantar firamare da ke garin Norwalk a jihar Ohio ta Amurka a 1968, sannan masanin ƙwayoyin cuta Albert Kapikian ya gan ta da madubin lantarki, na'urar da ke nuna abubuwa masu tsananin ƙanƙanta, a 1972.

Bairos ba ya rayuwa shi kaɗai, sai ya shiga ƙwayar halitta mai rai kafin ya ninka kansa. Ƙwayoyin halittar da aka saba renonsu a faranti kuwa ba su karɓi norobairos ta ɗan Adam ba, har masu bincike suka dogara ga bahayar marasa lafiya da kuma mutanen da suka amince a ba su ƙwayar su sha, hanyar da ba ta isa a gwada magunguna da yawa ba. Rotabairos, wata ƙwayar cutar gudawa ta daban, ta fi sauƙin kai, domin an samu ta hayayyafa a ƙwayoyin ƙodar biri da taimakon sinadarin tiripsin, kuma yau tana da rigakafi, wanda Nijeriya ta shigar cikin jadawalin yara a 2022.

Sauyin ya zo a 2016, lokacin da ayarin Mary Estes na Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston ya yi amfani da ƙananan hanji da aka rena daga ƙwayoyin asali na hanjin mutum, wato waɗanda ke haifar da sauran ƙwayoyin hanji, dabarar da ta fito daga ɗakin gwajin Hans Clevers a Holan. A ganina, abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wasu nau'o'in ƙwayar sun ƙi hayayyafa har sai da aka zuba ruwan maɗaciya, kuma hanjin mutanen da wata ƙwayar gadonsu mai suna FUT2 ba ta aiki bai kamu da nau'in norobairos da ake kira GII.4 ba, kamar yadda su ma mutanen ba safai suke kamuwa da shi ba.

Duk da haka renon yana da tsada, yawan ƙwayar da ake samu bai taka kara ya karya ba, kuma har yanzu babu rigakafin norobairos da aka amince da shi.