Kwana uku ina direban mai ziyarar coci, daga Atlanta zuwa Montgomery

Maganar gaskiya ni ba tarihi ne ya fitar da ni ba, direba aka mayar da ni. Abokina ne tun makarantar kwana, mutumin wajen Kafanchan, babansa dattijo ne a cocin Baptis na garinsu, ya zo Amurka kwas na wata uku ya sauka a wajena a Atlanta, kuma tun a filin jirgi yake min waƙar wai ba zai koma gida ba sai ya taka cocin Martin Luther King, faston nan da ya jagoranci neman 'yancin baƙar fata, da ƙafarsa, don ai ɗan cocinsu ne. Haka yake faɗa fa, ɗan cocinmu, kamar tare suke karɓar baiko ran Lahadi. Ni kuma abin kunya shekara huɗu ina garin ban taɓa leƙa wurin ba, kullum sai dai in wuce ta saman gada ina sauri. Na ce to Malam, man mota naka, tuƙi nawa, kuma duk inda lokacin sallah ya yi za mu tsaya. Ya ce an gama.

Ranar farko ba mu bar gari ba. Titin Auburn muka je, inda cocin Ebenezer yake, tsohon gini na jan bulo da sunan a rubuce da fitila mai shuɗi a saman ƙofa. An kafa ikilisiyar a 1886, kakan King na wajen uwa, A. D. Williams, ya riƙe ta tun 1894, baban King ya gada a 1931, shi King kuma ya dawo ya zama fasto tare da baban daga 1960 har aka harbe shi a Memphis ran 4 ga Afrilu 1968. Gidan da aka haife shi a 1929 yana kan titin, tafiyar ƙafa ce kaɗan. Hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da tsohon ginin yanzu, ba a biyan ko sisi, masu sujada sun koma sabon gini a tsallaken titi tun 1999. Ka shiga ka zauna a benci, ba kowa a gaba, sai muryar mutumin kawai tana fitowa daga lasifika yana wa'azi, wallahi ni da ba addinina ba sai da tsigar jikina ta tashi. Mutumina kuwa ya sunkuyar da kai ya fi minti ashirin, na bar shi na fita waje.

Abin da ya fi tsaya min a rai a nan ma ba King ba ne, mahaifiyarsa ce, Alberta. A cikin wannan ɗakin, ran 30 ga Yuni 1974, tana zaune tana kaɗa babban fiyanon coci ana tsakiyar sujada wani saurayi ya tashi ya harbe ta. Shekara shida bayan ɗanta. Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Kabarin King da na matarsa Coretta suna gefe, farin dutse a tsakiyar wani dogon kwarmin ruwa, ga wuta da ba ta mutuwa a gabansa, sannan a ɗakin baƙi an ajiye amalanken da alfadarai suka ja gawarsa a kai, tsohon katako ne irin na gona, da a gida ne da tuni an yi girki da shi.

Washegari da sassafe muka ɗauki babbar hanya mai lamba 20 muka yi yamma, Birmingham ta jihar Alabama, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu, daji ne kore shar da allunan tallan lauyoyi da na coci-coci. Mun yi rajistar shiga cocin Baptis na titi na 16 ƙarfe goma, ni kuma agogon mota nake kallo ina ta taka wuta ina faɗan ya ɓata mana lokaci wajen shayi, ashe Alabama tana bayan Jojiya da awa ɗaya, muka iso tara saura a lokacinsu, ƙofa a rufe. Ya yi min dariya har da riƙe ciki. Amma awar nan ta yi mana rana, don a ita muka zaga filin Kelly Ingram da ke kallon cocin.

Filin nan ba wurin shan iska ba ne ko da yake akwai bishiyoyi da kujeru. A watan Mayun 1963 yara 'yan makaranta suka riƙa fitowa daga cocin nan suna zanga-zangar neman a daina wariyar launin fata, kwamishinan tsaron garin, Bull Connor, ya sa aka sakar musu karnuka da ruwan tiyon 'yan kwana-kwana. To an ƙera karnukan da ƙarfe, an kafa su a bango biyu hagu da dama, hanyar kuma ta bi ta tsakaninsu, dole sai ka ratsa bakinsu a buɗe a daidai kafaɗarka. Na san ƙarfe ne amma sai da na ɗan karkace. A tsallake ga mutum-mutumin Fred Shuttlesworth, shi ma faston Baptis ne na cocin Bethel, wanda aka dasa wa bam a gida daren Kirsimeti na 1956 ya fito da ransa, yanzu filin jirgin garin sunansa yake amsawa. Na ce wa abokina ku dai ba ku gajiya da gumaka, ya ce rufe min baki, kai da ka kusa gudu saboda karen ƙarfe.

Cocin kansa babba ne, hasumiya biyu, an gama shi a 1911. A gefensa akwai dutse da aka kafa daidai inda 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, ta farare masu ƙin baƙar fata, suka ɓoye nakiya a ƙarƙashin matakala. Lahadi 15 ga Satumba 1963, ƙarfe 10:22 na safe, 'yan mata suna ɗakin ƙasa suna gyara kaya bayan makarantar Lahadi, abin ya tashi. Addie Mae Collins, Cynthia Wesley da Carole Robertson duk shekara 14, Denise McNair 11. Ƙanwar Addie ta rayu amma ta rasa ido ɗaya. Ba a ɗaure kowa ba sai 1977, mutum ɗaya, sauran biyun sai 2001 da 2002, na huɗun ya mutu a 1994 ba a taɓa gurfanar da shi ba. A sama akwai tagar gilashi mai launi da mutanen Wales ta Birtaniya suka yi karo-karo suka aiko a 1965, an zana Yesu baƙar fata, hannu ɗaya yana turewa ɗaya a buɗe. Abokina yana da 'ya mai shekara goma sha ɗaya tana cikin mawaƙan yara a cocinsu, ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba.

A nan ne kuma aka taɓa masa inda yake ciwo, ba da gangan ba. Wata dattijuwa cikin masu ziyara, da hularta ta zuwa coci, ta ji muna Hausa ta tambaye mu daga ina. Ya ce Najeriya, Mama, kuma ni ma Baptis ne. Ta ce masha Allah irin tasu, ta ce wane Baptis ɗin? Shi kuma ya gyara tsayuwa ya fara ba ta tarihi, ai ɗan mishan ɗinmu na farko mutumin Jojiya ne, Thomas Bowen, ya sauka Badagry a 1850, ya zauna Ijaye da Ogbomosho, har jami'a muke da ita da sunansa a Iwo. Ta yi murmushi ta dafa masa hannu ta ce ɗana, ai waɗannan Baptis na Kudu ne, na farare, mu namu daban.

A mota ya yi shiru har muka bar gari. Abin da matar take nufi shi ne, ƙungiyar da ta aiko Bowen an kafa ta ne a Augusta ta Jojiya a 1845, kuma dalilin ɓallewarsu daga 'yan'uwansu na arewa shi ne rigimar ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, su suka ce zai iya. Sai a 1995 suka fito suka nemi gafara a kan bauta da wariya. Wato mutanen da suka tara kuɗi a kai bishara ƙasar Yarbawa, daga nan 'yan kasuwar Ogbomosho suka hau da ita arewa har ta kai garinsu abokina, a gida wasunsu da bayi suke noma. King kuwa daga ɗaya ɓangaren ya fito, cocin baƙaƙe da suka ware suka gina nasu. Ni da bakina ba ya shiru na ce to Malam ashe ɗan cocin naku na maƙwabta ne. Bai yi dariya ba, na gane na yi wauta, na kunna rediyo.

Montgomery awa ɗaya da rabi ce ta hanya mai lamba 65, muka kwana a wani ƙaramin otal a bakin gari, na yi kasaru na kwanta, shi kuwa duk juyin da zan yi sai in ga hasken waya a fuskarsa.

Garin Montgomery garin alluna ne, ko ina ka juya ga allon ƙarfe a kan sanda da rubutu ruwan zinare gaba da baya, kuma idan ka bi titin Dexter daga ƙasa zuwa sama sai ka ga allunan kamar faɗa suke da juna. A ƙasa wajen famfon ruwa nan ne aka yi kasuwar bayi, nan kuma Rosa Parks ta hau bas ɗin da aka kama ta ran 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera, ita kam ba Baptis ba ce, Metodis ce, na tabbatar na gaya wa mutumina don kar ya ƙara ta a cikin dangi. A can sama ginin gwamnatin jiha ne fari fat, da tauraron tagulla a baranda inda aka rantsar da Jefferson Davis a 1861, shugaban jihohin da suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta. Tsakanin biyun, jifa ɗaya daga ginin gwamnatin, ga ɗan cocin Dexter na jan bulo, an kafa ikilisiyar a 1877, King ya yi fasto a nan daga 1954 zuwa 1960, yana ɗan shekara 25 ya karɓa, kuma daga nan aka tafiyar da ƙaurace wa bas na kwana 381. Ƙarami ne sosai, masallacin unguwarmu a Zariya ya fi shi. Gidan faston yana titin Jackson, an jefa masa bam ran 30 ga Janairu 1956 matarsa da jaririya suna ciki, har yanzu ramin yana nan a simintin baranda da ɗan ƙaramin allo a kai, idan ba a nuna maka ba sai ka taka ka wuce.

Na ɗauka mun gama, ina lissafin komawa, sai ya ce akwai sauran wuri ɗaya, titin Ripley. Shi ne abin da ya kwana yana tono. Cocin Baptis na Farko na baƙaƙe, waɗanda bayan yaƙin basasar Amurka suka fice daga cocin farare inda da suke sujada a matsayin bayi, suka gina nasu a 1867, da gobara ta cinye shi aka ce kowa ya riƙa kawo bulo ɗaya kullum, har yau da wannan laƙabin ake kiran cocin. Ralph Abernathy, abokin gwagwarmayar King, ya yi fasto a nan, kuma a watan Mayun 1961 gungun farare suka kewaye shi da dare da mutum sama da dubu a ciki har da King. Amma ba wannan ya kawo mu ba. Akwai wani baƙar fata mutumin Bajiniya, William Colley, wanda su Baptis na Kudun suka tura ƙasar Yarbawa a 1875, ya yi aiki a Legas da Abeokuta, ya dawo a 1879, sannan a watan Nuwamba 1880 ya tara wakilan cocin baƙaƙe a wannan ikilisiyar suka kafa ƙungiyar aika 'yan mishan Afirka ta kansu, ita ce daga baya a 1895 ta haɗu da wasu a Atlanta ta zama babbar ƙungiyar Baptis ta baƙaƙe, wadda su baban King suka tashi a cikinta.

Yana karanta min wannan a waya muna tsaye a rana a gaban allon, muryarsa har rawa take, ya ce ka ji ko, mutumin da ya yi wa'azi a Abeokuta shi ya tara su, to ka sake cewa maƙwabta. Na ce na janye, amma dai ɗan uba ne ba ɗan uwa ɗaya ba. Wannan karon ya yi dariya. Cocin a rufe yake don ranar aiki ce, ba kowa sai wani mai yankan ciyawa a tsallake, ya sa na ɗauke shi hoto wajen sau goma, da allon a bayansa, da hannunsa a kan bulo, ya tura wa babansa da dogon saƙon murya rabi Hausa rabi yarensu.

Muka kama hanya mai lamba 85 zuwa Atlanta, muna tsallaka iyakar Jojiya awar da aka ba mu aro jiya aka karɓe abarta, magariba ta riske ni a gidan mai na shimfiɗa darduma a bayan mota. Ina sallamewa na tarar baban ya maido amsa, bai ce komai a kan Colley ba, tambaya yake wai bulon nan da suka riƙa kawowa saya suke yi ko bugawa, don su ma ginin cocinsu ya tsaya a linta tun bara.